Haske da launi: labarin farar shadda

KARATU

Abijan babban birni ne a ƙasar Kodebuwa (Côte d'Ivoire). Yana bakin teku. Wani babban tafki mai suna Eburiye (Ébrié) ya ratsa birnin, ya raba unguwanninsa. Unguwar Tireshbil (Treichville) tana kudu, a kan tsibiri. Unguwar Ajame (Adjamé) tana arewa. Mai zuwa Ajame daga Tireshbil yakan haye gada, ya ratsa unguwar Filato (Plateau). Gadoji biyu ne suka haɗa Tireshbil da Filato: gadar Houphouët-Boigny, wadda aka gama a 1957, da gadar De Gaulle, ta 1967.

Hausawa da yawa suna zaune a unguwannin nan biyu. Wasu daga Tawa suka zo, wasu daga Maraɗi ko Damagaram, wasu daga Kano ko Sakkwato. Akwai ƴan tireda, da mahauta, da teloli, da masu sayar da yadi.

A Tireshbil akwai wani tela, mutumin Tawa. Ya daɗe yana ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Yana da ƴaƴa biyu maza. Babban yana koyon ɗinki wurin ubansa. Ƙaramin, wanda ake ce wa Auta, yana ajin ƙarshe na lakwal.

Tun farkon wata wani dattijo ya kawo farar shadda, a ɗinka masa babbar riga da ƴar ciki da wando. Aiki ya yi wa tela yawa. Sai ana saura kwana huɗu Sallar Layya ya kai kan shaddar. Da ya auna, sai ya ga ba za ta isa ba. Ana bukatar ƙarin mita uku. Aka gaya wa dattijon. Ya ba da kuɗi, ya ce a Ajame ya sayo ta, wurin wani Alhaji mai yadi. Tela ya san Alhajin, don sun daɗe suna ciniki.

Tela ya yanki ɗan ƙyalle daga shaddar, ya kira babban ɗansa, ya ce: "Ungo. Je ka shagon Alhaji. Ka ɗora ƙyallen nan a kan abin da zai ba ka, ka duba da kyau. Kada ka sayo sai irinta sak."

Yaro ya ce: "To, Baba."

Bayan la'asar ya tashi. Motoci sun cunkushe a kan gada. A Abijan kuwa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma duhu ba ya jinkiri. Kafin ya isa Ajame har an yi sallar magariba.

Shagon Alhaji yana can cikin wani lungu, ba shi da taga. Wani tsohon ƙwan lantarki ne yake rataye a tsakiya, yana ba da haske rawaya-rawaya. Alhaji ya sauko da bandir uku. Suka ɗora ƙyallen a kan kowanne. Na ukun ya yi daidai. Yaro ya duba, Alhaji ma ya duba. Aka yanka mita uku, aka biya, yaro ya koma gida da dare.

Da gari ya waye, tela ya shimfiɗa shaddojin biyu a bakin ƙofa. Sai ya dafe kai. Ta dattijo fara ce fat kamar auduga. Sabuwar kuwa ta ɗan yi rawaya, kamar man shanu.

Ya ce: "Kai, wane irin aike ne wannan? Ido rufe ka saya?"

Yaro ya ce: "Wallahi, Baba, na gwada. Jiya iri ɗaya suke. Alhaji ma ya gani."

Tela ya ce: "To, ke nan musanya maka aka yi wajen naɗewa."

Ran tela ya ɓaci ƙwarai. Kuɗin ba nasa ba ne. Yadin da aka yanka kuwa ba a cika mayar da shi ba. Ga Salla ta matso. Ga kuma zargi ya shiga tsakaninsa da mutumin da bai taɓa cutarsa ba.

Auta yana gefe yana shirin tafiya lakwal. Ya matso, ya ce: "Baba, in yi magana?"

Tela ya ce: "Faɗi."

Auta ya ce: "Yaya, wace irin fitila ce a shagon Alhaji?"

Wansa ya ce: "Ƙwai ne, irin na da, mai haske rawaya."

Auta ya ce: "Baba, ina jin ba wanda ya yi ƙarya. Fitilar ce. Malaminmu ya nuna mana irin wannan a aji."

Tela ya ce: "Yaushe fitila ta fara rini?"

Auta ya ce: "Ba ta rini, Baba. Abin da ido yake gani take sauyawa. Ku zo ɗaki ku gani."

Suka shiga ɗakin baya. Auta ya rufe ƙofa da taga, ya kunna fitilar kananzir. Ya jera shaddojin biyu a kan tabarma. Sai ga su iri ɗaya, ba mai iya rabe su. Ya buɗe taga. Sai ga ɗaya fara, ɗaya rawaya-rawaya. Tela ya sa aka rufe, aka buɗe, har sau uku. Daga nan ya yi shiru. Can ya ce: "Gani ya kori ji." Ya dubi babban ɗansa, ya ce: "Ka yi haƙuri, ba laifinka ba ne."

Da hantsi tela da babban ɗansa suka tafi Ajame. Bayan gaisuwa, tela ya ce: "Alhaji, fito da bandir ɗin jiya waje, mu duba a rana." Alhaji ya fito da shi. Da ya gani, sai ya riƙe baki. Ya ce: "Ikon Allah! Malam, na rantse da daddare fari na gani." Tela ya gaya masa abin da Auta ya nuna musu.

Alhaji ya sa aka fito da duk fararen shaddojinsa bakin titi. A nan aka sami wadda ta dace. Ya yanka mita uku. Ya karɓi ta jiya, ya ce zai sayar wa mai son ɗinka wa yaro riga. Rigar dattijo ta kammala ranar jajibiri. Bayan Salla, Alhaji ya sauya ƙwan shagonsa, ya kuma ajiye benci a ƙofa don masu son duba yadi a hasken rana.

BAYANI

1. Yaya ake ganin abu?

A cikin duhu ƙirin ba a ganin komai, ko da ido yana buɗe. Ana ganin abu ne idan haske ya faɗa a kansa, sa'an nan ya taso daga jikinsa ya shiga ido. Wani masani Balarabe, Ibnul Haisam, ya yi bayanin haka tun shekara dubu da suka wuce. An haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya yi aikinsa a Alƙahira.

Ke nan abu uku ake bukata kafin a ga launi: haske, da abin da hasken ya faɗa wa, da ido.

2. Farin haske gauraye ne

Hasken rana kamar ba shi da launi. Ana kiransa farin haske. Amma akwai launuka da yawa a cikinsa, a gauraye.

A shekarar 1666, wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya rufe ɗakinsa, ya bar ƴar ƙaramar kafa. Hasken rana ya shigo ta kafar. Ya tare shi da wani gilashi mai kusurwa uku. Sai hasken ya warwatsu a bango, launi-launi. Newton ya ƙidaya bakwai: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi, ruwan baba, da shunayya. Da ya sake tattara su wuri ɗaya, sai suka koma farin haske. Ya buga littafi a kan wannan a 1704.

Launukan nan su ne na bakan gizo. Ɗigon ruwan sama ne yake warwatsa hasken rana, kamar yadda gilashin Newton ya yi.

3. Kowane abu yana shanye wani haske, ya mayar da wani

Idan farin haske ya faɗa a kan abu, abin yakan shanye wasu launuka, ya mayar da sauran. Waɗanda ya mayar su ne suke shiga ido.

Nunannen tumatir yana mayar da ja, ya shanye yawancin sauran. Shi ya sa ake ganinsa ja.
Ɗanyen ganye ya fi mayar da kore. Shi ya sa ake ganinsa kore.
Auduga tana mayar da kusan dukan launuka. Shi ya sa take fara.
Gawayi yana shanye kusan duka. Shi ya sa yake baƙi.

Marini ba ya zuba haske a cikin tufa. Yana ba ta abin da zai shanye wasu launuka ne. Baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata, a Kano, yana shanye ja da rawaya, ya bar shuɗi.

4. Abu ba ya mayar da hasken da ba a ba shi ba

Wanda aka ba ajiyar gero ba zai mayar da shinkafa ba. Haka tufa take da haske.

Idan aka haska tumatir da jan haske, zai mayar da ja, a gan shi ja. Idan aka haska shi da shuɗin haske kaɗai, babu jan da zai mayar. Shuɗin kuwa shanye shi yake yi. Sai a gan shi baƙi-baƙi. Farar takarda tana mayar da duk abin da aka ba ta. A jan haske ja ce, a koren haske koriya ce.

Tutar Kodebuwa tana da launi uku a tsaye: ruwan goro, fari, kore. Tutar Nijar ma launukanta ke nan, amma a kwance, da da'ira ruwan goro a tsakiya. Ga yadda za a gan su:

A hasken rana: ruwan goro, fari, kore.
A jan haske: ruwan goron da farin duk su koma ja, koren ya yi baƙi-baƙi.
A koren haske: ruwan goron ya yi duhu, farin da koren duk su zama kore.
A shuɗin haske: farin ya koma shuɗi, sauran biyun su yi duhu.

Tutar ba ta sauya ba. Hasken da ya faɗa mata ne ya sauya.

5. Me ya faru da shaddar?

Farar shadda tana mayar da dukan launuka. Shadda mai ruwan man shanu ma tana mayar da kusan duka, sai dai tana shanye ɗan shuɗi kaɗan. Bambancinsu duka a wurin shuɗi yake.

Hasken rana yana da shuɗi isasshe. Saboda haka da safe bambancin ya fito fili. Tsohon ƙwan Alhaji kuwa, da fitilar kananzir ta Auta, haskensu cike yake da ja da rawaya, shuɗinsa kaɗan ne. Tun da shuɗin ya yi ƙaranci, bambancin ma ya yi ƙaranci, har ido ya kasa kama shi.

Akwai wani abu kuma. Ido da ƙwaƙwalwa suna sabawa da hasken wuri. Wanda ya ɗan zauna a ɗaki mai fitila rawaya yakan daina lura da rawayar. Duk abu mai haske sai ya ɗauke shi fari. Shi ya sa Alhaji ya rantse fari ya gani, kuma gaskiyarsa ya faɗa.

Irin wannan fitila ce take sa tela ya ɗauki zare shuɗi mai duhu a matsayin baƙi.

6. Fitilu iri-iri ne

Fitilar kananzir, da kyandir, da ƙwai mai zare a ciki, duk haskensu ya karkata ga rawaya da ja.

Dogon ƙwai, wanda ake kira neyon, haskensa ya fi fari. Wani har yakan karkata ga shuɗi.

Wasu fitilun titi suna ba da haske ruwan goro. Wani sinadari mai suna sodiyam ne a cikinsu. A ƙarƙashinsu da wuya a faɗi ainihin launin mota ko na riga.

Fitilar da ta fi yawa yanzu ita ce LED. Irinta ce a tocila da wayar hannu. Wasu masana uku daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka ƙera LED mai shuɗin haske mai ƙarfi a farkon shekarun 1990. An ba su kyautar Nobel a 2014. Yawancin fararen ƙwayayen LED shuɗi ne a ciki. An shafe su da wani abu da yake mayar da ɓangaren shuɗin rawaya. Idan shuɗin da rawayar suka haɗu, ido yana ganin fari. A jikin kwalin ƙwai akan rubuta lamba. Mai 2700 K haskensa rawaya-rawaya ne. Mai 6500 K ya fi kusa da hasken rana.

Rana ma haskenta yana sauyawa. Gab da faɗuwarta yakan yi ja. Saboda haka lokacin da ya fi dacewa da zaɓen launi shi ne daga hantsi zuwa la'asar. Masana'antun yadi sukan duba launi a ƙarƙashin fitilu na musamman masu kwaikwayon hasken rana.

7. Haske a kan haske

A cikin ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu gane launi. Wasu sun fi jin ja, wasu kore, wasu shuɗi. Da waɗannan uku ido yake gane dukan launuka. Idan aka haska jan haske da koren haske wuri ɗaya a farin bango, za a ga rawaya. Idan aka ƙara shuɗi, za a ga fari. Fuskar talabijin da ta wayar hannu cike take da ƴan ɗigo-ɗigo masu haske, ja da kore da shuɗi. Duk hoton da ake gani, su ne suka haɗa shi.

GWAJI

Kayan aiki: tocila mai farin haske, leda mai shara-shara, irin ta alawa, ja da koriya da shuɗiya, farar takarda, jan biro, tumatir, ɗanyen ganye, gawayi.

1. A rubuta kalma da jan biro a kan farar takarda.
2. A jera takardar da sauran kayan a kan tebur.
3. A rufe ƙofa da taga, ɗaki ya yi duhu sosai.
4. A ninka jar leda sau uku ko huɗu, a ɗaure ta a bakin tocila.
5. A haska kayan ɗaya bayan ɗaya. A faɗi launin kowanne.
6. A sake yi da koriyar leda, sa'an nan da shuɗiya.

Abin da za a gani: a jan haske, rubutun zai dushe, har ya kusa ɓacewa, don shi da takardar duk ja suke mayarwa. A koren haske zai fito baƙi-baƙi. Gawayi baƙi ne a kowane haske. Ledar alawa takan bar wasu launuka su ɗan wuce, don haka tumatir zai yi duhu ne kawai, ba zai yi baƙi ƙirin ba.

Hattara: kada a ɗora leda a kan ƙwai mai zafi ko kusa da wuta. Kada a kalli rana kai tsaye. Kada a haska wa wani tocila a ido.

ABIN RIƘEWA

Farin haske ya ƙunshi dukan launukan bakan gizo.
Abu yana shanye wasu launuka, ya mayar da wasu. Wanda ya mayar shi ake gani.
Abu ba ya mayar da launin da babu shi a cikin hasken da ya faɗa masa.
Abubuwa biyu suna iya yin kama a wata fitila, su bambanta a rana.
Mai sayen yadi ko zare ko fenti ya duba shi a hasken rana kafin a yanka ko a biya.

KALMOMI

haske: la lumière
launi: la couleur
farin haske: la lumière blanche
bakan gizo: l'arc-en-ciel
gilashi mai kusurwa uku: le prisme
ƙwan lantarki: l'ampoule
shadda: le bazin
shanye haske: absorber la lumière
mayar da haske: renvoyer la lumière
ja: rouge
ruwan goro: orange
rawaya: jaune
kore, tsanwa: vert
shuɗi: bleu
ruwan baba: indigo
shunayya: violet

TAMBAYOYI

1. A wace unguwa tela yake ɗinki? A wace unguwa shagon Alhaji yake?
2. Me ya sa yaro bai isa Ajame da rana ba?
3. Wane zargi tela ya yi da farko? Zargin gaskiya ne?
4. Yaya Auta ya nuna wa babansa abin da ya faru?
5. Waɗanne launuka bakwai Newton ya ƙidaya?
6. Me ya sa auduga take fara, gawayi kuma yake baƙi?
7. Tutar Najeriya kore ce da fari da kore. Yaya za a gan ta a jan haske? Yaya za a gan ta a koren haske?
8. Wane ƙwai ya kamata Alhaji ya saya, mai 2700 K ko mai 6500 K? Don me?
9. Hausawa suna cewa: "Rashin sani ya fi dare duhu." Ta yaya karin maganar nan ya dace da labarin?

AIKIN GIDA

1. Ku cike gurbi: A shuɗin haske, farar takarda takan zama ______, tumatir kuma yakan zama ______.
2. Ku zana tutar Kodebuwa sau biyu a littafinku. Ku shafa wa ta farko launinta na rana, ta biyu launinta na jan haske.
3. Ku tambayi wani tela ko mai sayar da yadi na unguwarku yadda yake zaɓen zare ko yadi da dare. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ku karanta a aji.